Siginar katsewa daga teburin adireshi na guntun siwic ta ƙi lafawa: me ya kamata direba ya yi?

Ɗan-Gulbi ya rubuta:

Assalamu alaikum ƴan'uwa ma'abota wannan zaure. Ina haɗa wa wani mai sayar da tikitin wifi a nan Maradi na'urar da za ta riƙe masa rezo, a wani gini da ke kusa da babbar kasuwa, inda waya ɗaya ke kawo intanet, sauran wayoyin kuma suke fita zuwa shagunan maƙwabta da akwatunan wifi da aka kafa a saman rufi. Allon da nake aiki da shi ESPRESSObin ne, mai furosesa Armada 3720 da guntun siwic na Marvell mai lamba 88E6341. Kanel ɗin Linux da ke kansa 5.15 ne, kuma direban mv88e6xxx, wato shirin kanel mai magana da guntun, shi ne ke tafiyar da siwic ɗin a ƙarƙashin DSA, tsarin Linux na sarrafa guntayen siwic. Na haɗa ƙofofin lan0 da lan1 a gada ɗaya mai suna br0, wadda ke mayar da su rezo ɗaya, sannan a fayil ɗin DTS, mai bayyana wa kanel kayan da ke kan allon, na bayyana layin katsewa na guntun, wato siginar da yake dakatar da furosesa da ita, domin kanel ya riƙa samun labari nan take idan wani abu ya faru.

Matsalar ita ce, a wasu lokuta, musamman da yamma idan masu shaguna sun kunna kayansu gaba ɗaya, ko kuma bayan kuran, wato wutar lantarki, ya dawo, sai kundin saƙonnin kanel ya cika da layi iri ɗaya mai farawa da "ATU member violation for", wato ƙarar saɓawa daga ATU, teburin adireshi na guntun, sai adireshin MAC, lambar shaidar na'ura a rezo, ya biyo baya, sai kuma wasu lambobi biyu masu suna portvec da spid. A daidai wannan lokaci zaren kanel da ke amsa katsewar guntun yakan mamaye ɗaya daga cikin ƙwayoyin furosesa biyun, shiga allon ta SSH yakan yi nauyi ƙwarai, umarnin ethtool na duba ƙofofin rezo ma sai ya daɗe kafin ya amsa.

Na buɗe fayil ɗin global1_atu.c na karanta abin da ke amsa wannan katsewa, na ga cewa a zare yake gudana, ba a matakin farko na katsewa ba, kuma a kowane kira saɓawa ɗaya kawai yake karantawa ya koma. Abin da nake son masana su haska mini shi ne, shin idan na mayar da karatun rajistocin zuwa matakin farko, inda babu jiran mai rabon lokaci, aikin ba zai fi sauri ba? Idan hakan bai dace ba, shin zan iya sa madauki a cikinsa ya riƙa kwashe dukan saɓawar da ta taru kafin ya fita? Idan kuma duka biyun ba su da amfani, mene ne laifin in rufe wannan katsewa gaba ɗaya, tunda siwic ɗin da kansa yake koyon adireshi yana tura fakitoci ba tare da neman izinin kanel ba? Mai wurin yana matsa mini, domin masu tikiti suna kuka da rezo a daidai lokacin da ciniki ya fi tafiya.

Tsohon Injiniya ya amsa:

Wa alaikumus salam ƙanena. Shawararka ta farko ba za ta yiwu ba, kuma dalilin yana cikin yadda furosesa ke magana da guntun. Rajistocin 88E6341 ba sa cikin taswirar ƙwaƙwalwar furosesa, inda umarni ɗaya ya isa a karanta su. Ta hanyar MDIO ake kai musu, wato wayoyi biyu, ɗaya ta agogo ɗaya ta bayanai, kuma ƙa'idar IEEE 802.3 ta tsayar da saurin agogon a megahaz 2.5. Kowane saƙo a wannan hanya bit 64 ne idan aka haɗa da share fagensa, don haka yana cin kusan mikrosakan 26. A allonka kuma guntun yana zaune a adireshi na 1, ba 0 ba, wanda ke nufin ana kai masa a kaikaice: direba ya rubuta umarni a rajista ɗaya, ya jira alamar aiki ta sauka, sannan ya karanta amsa a wata rajistar. Ka ga karatu ɗaya ya zama saƙo uku ko huɗu. Amsa saɓawa ɗaya tana buƙatar taɓa rajista sau bakwai ko takwas, saboda haka idan ka lissafa za ka ga lokacin yana dosar milisakan ɗaya. Wannan lokacin na waya ne, ba na mai rabon lokaci ba, kuma duk inda ka kai aikin sai an biya shi.

Abin da ya fi wannan muni shi ne, hanyar MDIO tana da makullinta, direban ma yana da nasa makullin rajista, kuma duka biyun nau'in mutex ne, wanda mai neman sa yake barci idan ya tarar wani na riƙe da shi. Ba a barci a matakin farko na katsewa. Idan ka gwada, kanel zai jefo maka "scheduling while atomic", idan kuwa ka kunna CONFIG_DEBUG_ATOMIC_SLEEP zai gaya maka layin da ka yi laifin tun kafin allon ya daskare. Shi ya sa aka nemi katsewar da request_threaded_irq, aka bar gurbin mai amsa na farko babu kowa, aka sa tutar IRQF_ONESHOT domin layin ya zauna a rufe har zaren ya gama.

Yanzu ga tambayarka ta madauki. Guntun yana da ƙafa ɗaya tak da yake ja ƙasa idan yana son magana, amma dalilan maganar suna da yawa, kuma an jera su a rajistar matsayi ta Global 1, mai lamba 0x00. Bit na 3 shi ne matsalar teburin adireshi, na 5 matsalar teburin VLAN, na 7 kuma shi ne ke tattaro abin da ke zuwa daga Global 2, har da labarin hawa da saukar waya daga PHY, ɓangaren da ke magana da wayar kai tsaye a kowace ƙofa. Babban zaren direba yana karanta wannan rajista, ya ga waɗanne bit ne a tashe, ya kira mai amsa kowannensu ta handle_nested_irq, sannan ya sake karanta rajistar, kuma ba ya fita sai ya tarar babu sauran bit a tashe cikin waɗanda aka buɗe. Wato madaukin da kake son ƙarawa yana nan, a hawa na sama. An ƙara shi ne a shekarar 2019, kuma allo irin naka ne sanadi, domin mai kula da katsewar GPIO, wato ƙafafun furosesa da ake jona irin wannan layi, a wannan furosesa lokacin sauyawar sigina kawai yake gani, ba ya lura da cewa tana nan a ƙasa. Idan sabon dalili ya shigo alhali ana amsa na farko, ƙafar ba za ta hau ta sake sauka ba, kuma in ba a sake duba rajistar ba, katsewar ta ɓace ke nan har abada.

Idan ka sa naka madauki a hawa na ƙasa, abin da za ka samu shi ne riƙe makullin rajista na tsawon lokacin da ambaliyar take, kuma wannan makullin ne ethtool yake jira, shi ne gada take jira idan za ta shigar da adireshi, shi ne kuma mai duba PHY yake jira. A tsarin da ake da shi yanzu ana sakin makullin bayan kowace saɓawa, sauran masu buƙata su samu su kutsa. Ka tuna kuma zaren katsewa yana gudana ne da fifikon SCHED_FIFO na 50, wanda ya ɗara na duk wani shiri na yau da kullum, shi ya sa SSH ɗinka ke jan ƙafa.

Jerin aikin da kansa gajere ne, amma tsarinsa ba ya karɓar sauyi. A riƙe makulli, a rubuta umarnin karɓa da share saɓawa, 0x7000 tare da bit na 15 na alamar aiki, a rajistar 0x0B. A jira bit na 15 ya sauka. A sake karanta 0x0B domin ganin nau'in saɓawar: bit na 7 na tsufan adireshi, na 6 na adireshin da ya ɓullo ta ƙofar da ba tasa ba, na 5 na adireshin da babu shi a tebur, na 4 na cikar tebur. Sai a karanta 0x0C, inda bit huɗu na ƙasa, waɗanda a sauran lokuta suke nuna matsayin adireshi, a nan suke nuna ƙofar da fakitin ya shigo ta cikinta, wato spid ɗin da ka gani. Sai rajistoci uku, 0x0D zuwa 0x0F, su ba da adireshin MAC, bayit biyu-biyu. Dole duk wannan ya faru a ƙarƙashin riƙo ɗaya na makulli, domin waɗannan rajistocin ne ake amfani da su wajen shigar da adireshi, cire shi, da zayyano teburin, kuma idan wani ya kutsa a tsakiya, za ka karanta adireshin wani ka jingina wa saɓawar wani.

Rufe katsewar kuwa yana yiwuwa, ta share bit na 3 a rajistar 0x04, kuma nauyin furosesa zai sauka. Sai dai ni ban ga an gyara komai da haka ba. Kafin Andrew Lunn ya ƙara fassara wannan katsewa a shekarar 2018, irin wannan matsala tana faruwa a rezo babu wanda ya sani. Guntun yana gaya maka wani abu na gaskiya game da wayoyinka, don haka ka kawo mana cikakken layin saƙon mu gani.

Bakatsiniya ta amsa:

Malam ya gama da ɓangaren direba, ni kuma ina ganin an bar jaki ana dukan taiki, domin tambayar da ta fi muhimmanci ita ce adireshin wane ne yake fitowa a saƙon, kuma ta wace ƙofa.

Ɗan'uwa, a aikin yau da kullum idan kwamfuta ta tashi daga lan0 ta koma lan1, siwic ɗin yakan gyara teburinsa da kansa, babu ƙara babu katsewa, domin adireshin da aka koya na wucin gadi ne. Saɓawar da kake gani tana tasowa ne idan adireshin mai aikawa yana cikin tebur a matsayin kafaffe, ko kuma ƙofar a kulle take, sannan ya ɓullo ta ƙofar da ba ta cikin jerin ƙofofinsa. Wannan jerin shi ne portvec, kuma kowane bit a cikinsa ƙofa ɗaya ce. A allonka ƙofa ta 0 ita ce mai zuwa furosesa, ta 1 ita ce wan, ta 2 lan0, ta 3 kuma lan1. Tun daga kanel 5.14, DSA yana shigar da adireshin gada da na ƙofofinta a teburin guntu a matsayin kafaffu masu nuni zuwa ƙofar furosesa. Saboda haka idan ka ga portvec 1 tare da spid 2 ko 3, ma'anarsa ita ce fakitin da ke ɗauke da adireshin allonka a matsayin mai aikawa yana shigowa daga waje.

Abu biyu na fi sani da ke kawo haka. Na farko zobe ne a cikin wayoyi: allonka ya aika fakitin yaɗawa, kamar tambayar ARP mai neman adireshin MAC na wata na'ura, ya zagaya ya dawo masa. A wurin da masu shaguna ke sayen ƙaramin siwic mai ƙofa biyar ko takwas su jona da kansu, ba abin mamaki ba ne yaro ya ga bakin waya a ƙasa ya cusa shi a ƙofar da ya ga babu kowa, ko kuma akwatin wifi ya kasance a jone ta waya kuma yana maimaita siginar wani akwatin ta iska a lokaci ɗaya. Wannan ya dace da abin da ka ce na yamma da dawowar kuran, domin zoben ba ya rufuwa sai dukan na'urorin da ke cikinsa sun tashi. Na biyu shi ne alluna biyu masu adireshi ɗaya, wanda yakan faru idan aka kwafi katin ƙwaƙwalwa ɗaya ko saitin U-Boot ɗaya zuwa na'ura biyu.

Kada ka auna girman ambaliyar da yawan layukan da ke cikin dmesg, wato kundin saƙonnin kanel, domin an taƙaita su zuwa 10 a kowane sakan 5. Ainihin adadin yana cikin `ethtool -S lan1`, a ƙididdigar atu_member_violation, atu_miss_violation da atu_full_violation, da kuma layin da ya ƙare da g1-atu-prob a /proc/interrupts. Ka karanta su sau biyu da tazarar minti ɗaya ka ga saurin hawansu. Ka duba `bridge fdb show` ka ga ko adireshin na allon ne. Ka kuma nemi wani saƙo daban daga gadar kanel mai cewa "received packet on lan1 with own address as source address", domin idan yana nan, maganar ta ƙare.

Kunna STP, tsarin da ke gano zobe ya toshe shi, a gada da `ip link set br0 type bridge stp_state 1` zai taimaka idan zoben ya fita ta lan0 ya dawo ta lan1, amma ka sani kowace ƙofa za ta yi jiran kusan sakan 30 kafin ta fara tura fakiti. Idan kuwa zoben gaba ɗayansa yana bayan ƙofa ɗaya ne, sai ka ɗauki ƙafa ka bi shagunan, kana cire wayoyi ɗaya bayan ɗaya kana kallon ƙididdigar.

Ɗan-Gulbi ya sake rubutawa:

Na gode Malam, na gode Yaya, Allah ya ƙara ilimi. Layin yana nuna portvec 1 da spid 3, adireshin kuwa na br0 ne, kuma saƙon gadar da kika ambata yana nan a cikin kundin. Da na cire wayar da ta tafi layin masu gyaran waya, ƙididdigar ta tsaya cak, zaren katsewa ya kwanta. A can na tarar da akwatin wifi da aka jona ta waya, kuma an saita shi yana maimaita siginar na saman rufi.

Wannan ya kawo ni ga wani tunani. Tunda guntun yana iya kai ƙarar adireshin da bai sani ba, shin ba zan iya kulle lan1 ba, in sa direba ya sanar da shirin tikiti duk lokacin da baƙon adireshi ya ɓullo, shirin kuma ya buɗe wa wanda ya biya kawai? Da haka siwic ɗin ne zai yi aikin tacewa, furosesa ta huta, kuma duk wanda ya jona na'urar da ba a sani ba, ba za ta wuce ba. Ina tunanin in ƙara kiran sanarwar a cikin mai amsa katsewar, a daidai wurin da yake ƙirga saɓawar rashin adireshi.

Mai Waya na Sabon Gari ya amsa:

Abokina, abin da ka kwatanta an riga an gina shi, amma ba a kanel ɗin da kake riƙe da shi ba. Kulle ƙofar gada ya shiga Linux a 5.18, a shekarar 2022. Tsarin MAB, inda gada ke rubuta baƙon adireshi da alamar kulle domin wani shiri ya yanke hukunci a kansa, ya shiga a 6.2, sannan Hans Schultz ya haɗa shi da direban mv88e6xxx a 6.3, a shekarar 2023. Umarnin shi ne `bridge link set dev lan1 locked on mab on`, tare da barin koyo a kunne. Idan baƙon adireshi ya aiko fakiti, guntun ya jefar da shi, ya tayar da saɓawar rashin adireshi, direba ya aika wa gada sanarwar SWITCHDEV_FDB_ADD_TO_BRIDGE, shirinka ya ji labari ta netlink, hanyar saƙo tsakanin kanel da shirye-shirye, idan ya yarda sai ya maye gurbin adireshin da kafaffe. A 6.2 ɗin ne kuma Vladimir Oltean ya cire waɗannan layuka daga kundin saƙonni ya mayar da su wuraren bin sawu, waɗanda ake kunnawa a /sys/kernel/tracing/events/mv88e6xxx idan ana so, domin a ƙofar da aka kulle saɓawa abu ne na kullum, ba alamar ɓarna ba.

Idan ka ce sai ka rubuta naka a 5.15, akwai ramuka biyu a gabanka. Mai amsa katsewar a wannan sigar ba ya karanta lambar FID, wato lambar rumbun adireshin da saɓawar ta faru a cikinsa, kuma in babu ita ba za ka san VLAN ɗin da adireshin yake ba. Na biyun ya fi haɗari. Sanar da gada yana buƙatar rtnl_lock, babban makullin saitin rezo na kanel, kuma duk umarnin ip ko bridge yana fara riƙe rtnl_lock ne sannan ya gangaro ya nemi makullin rajista. Idan kai ka riƙe makullin rajista sannan ka nemi rtnl_lock, a wurin da ka ce za ka sa kiran, wata rana za ku haɗu a tsakiya, kowa yana jiran abin da ke hannun ɗan'uwansa, allon ya tsaya har sai an cire masa wuta. Shi ya sa a sabon direba ake karanta komai, a saki makulli, sannan a kira mv88e6xxx_handle_miss_violation. Duk wanda zai taɓa wannan wuri ya kunna CONFIG_PROVE_LOCKING lokacin gwaji, domin yana kama saɓanin jerin makullai ko da tsayawar ba ta faru ba tukuna.

Sai dai ni ban ga dacewar wannan tsari da kasuwancin tikiti ba. An yi shi ne domin ofis, inda firinta ko wayar tebur ke zaune a ƙofa ɗaya shekara da shekaru. Teburin 88E6341 adireshi 2048 yake ɗauka, idan aka kwatanta da 8192 na 88E6352 ko 16384 na 88E6390, kuma ba jeri ne miƙaƙƙe ba: ana lissafa wa kowane adireshi mazauni, kowane mazauni kuma gurbi huɗu ne. Adireshin da aka koya ana iya ture shi idan wuri ya ƙure, amma kafaffe ba ya tsufa kuma ba a ture shi, don haka idan kafaffu huɗu suka faɗa mazauni ɗaya, na biyar ba shi da wurin zama, saɓawar cikar tebur ta taso alhali sauran teburin yana da fili. Umarnin `devlink resource show` yana nuna yadda guraben huɗun suka cika, kuma akwai saitin ATU_hash mai ɗaukar 0 zuwa 3 domin sauya salon lissafin. Ka ƙara da cewa tun daga Android 10 da iOS 14, wayoyi suna ƙirƙirar adireshin bogi ga kowace wifi, kuma wanda ya sa wayarsa ta manta rezo ya sake shiga yana iya dawowa da wani. A kusa da kasuwa, inda baƙi daga ƙauyuka da masu zuwa daga Katsina da Jibiya ke wucewa kullum, sai shirinka ya zama mai share tebur ba dare ba rana. Kuma duk wayar da ta kama wifi ba ta biya ba za ta ci gaba da aika fakiti, guntun ya ci gaba da kai ƙara muddin adireshinta bai shiga tebur ba, ka dawo ga ambaliyar da ka baro, wannan karon da hannunka. Shafin shigar da tikiti ma ba zai buɗe mata ba, tunda an jefar da fakitinta tun a ƙofa. Ka bar tacewar tikiti ga nftables, matatar fakiti ta Linux, a furosesa.

Game da nauyin zaren kuma, ina ganin da ka cire layin katsewa daga DTS, domin idan babu shi direba yakan koma leƙa rajistar matsayi duk bayan milisakan 100, wanda zai sa wa ambaliyar iyaka.

Tsohon Injiniya ya ƙara da cewa:

Na yarda da duk abin da Mai Waya ya faɗa ban da sakin layinsa na ƙarshe. Mai leƙen milisakan 100 yana kiran aiki ɗaya ne da babban zaren katsewa, mai madaukin nan da ba ya fita sai rajistar matsayi ta zama fayau. Idan saɓawa tana shigowa da saurin da ya wuce saurin MDIO, da zarar ya shiga ba zai fito ba sai ta lafa, kuma makullin rajista zai ci gaba da shan wahala kamar dā. Abin da leƙe ke kawarwa shi ne matsalar ɓacewar sigina a GPIO, a madadin haka kuma labarin hawa da saukar waya yana iya makara da kashi ɗaya cikin goma na sakan.

Ƙanena, idan kana son kariya daga irin wannan ambaliya a cikin direba, hanyar da ta dace ita ce ƙirga saɓawa a cikin tazarar lokaci, idan ta wuce iyakar da ka sa sai a rufe bit na 3 shi kaɗai da disable_irq_nosync a kan lambar katsewar ATU, bayan an sa mata tutar IRQ_DISABLE_UNLAZY domin rufewar ta kai ga rajista, a tsara aikin jinkiri da zai sake buɗe shi bayan sakan ɗaya ko biyu. Kada ka kira disable_irq na kullum daga cikin mai amsawar, domin yana jiran mai amsawar ya gama, wato yana jiran kansa. Kada kuma ka mayar da IRQ_NONE domin ka gudu da wuri, saboda idan kanel ya ga 99,900 cikin katsewa 100,000 babu mai amsa su, zai rubuta "nobody cared" ya kashe layin. Ka lura cewa ainihin rubuta abin rufewar a rajistar 0x04 yana faruwa ne a irq_bus_sync_unlock, bayan irq_bus_lock ya nemi makullin rajista, don haka sai ka saki makullin kafin ka kira rufewar.

Idan da hali ka hau kanel 6.6, wanda ke da dogon tallafi kuma ya ƙunshi duk gyare-gyaren da aka ambata, maimakon ɗauko faci ɗaya-ɗaya zuwa 5.15. Sannan ka sa ƙaramin shiri ya riƙa karanta atu_member_violation na kowace ƙofa duk minti ɗaya, idan adadin ya yi tsalle ya aika wa mai wurin saƙo da sunan ƙofar, domin ya san layin shagunan da zai tura yaro ya duba.